Zanen Toka a Filin Alhaji Bukar

Jiya ɗaya daga cikinku ya zana mini gida mai ɗaki huɗu a kwamfuta kafin shayina ya huce. Ya juya shi gaba da baya, ya shafa masa fenti, har mota ya ajiye a ƙofar gidan. Na ce ya yi kyau, kuma da gaske ya yi kyau. Da na tambaye shi su wa za su zauna a ciki, sai ya ce, "Baba, ai ko su wa ma." To ku jawo kujeru. Tun da makarantarku ta turo ku ofishin nan ku koyi aiki, gara ku ji daga bakina yadda na taɓa gina wa "ko su wa ma" gida, da abin da ya biyo baya.

Ni zanen gini na karanta, amma daga Kazaure har Babura ba wanda yake kirana da wani suna sai Injiniya. Da farko nakan tsaya in yi bayani cewa injiniya daban, mai zane daban. Da na ga ɓata bakina nake yi, na haƙura. Bayan na gama makaranta aka haɗa ni da Malam Haruna, wani dattijo mai ofis ɗaki ɗaya a bakin titi nan Kazaure, na yi shekara huɗu a hannunsa. Kayan aikinmu ba su da yawa: allon zane mai karkata, doguwar rula mai kai da ake zamewa da ita a gefen allon, rula mai kusurwa uku, fensira daga mai tauri zuwa mai laushi, da alƙalamin tawada mai bakin allura, wanda in ka bar shi a buɗe ka je ka yi alwala ka dawo ya toshe. Takardar shara-shara ce. In ka yi kuskure da reza ake kankarewa, in ka matsa hannu ka huda ta, aikin kwana biyar ya tafi. Da bazara tsumma muke ɗaurawa a tsintsiyar hannu, don ɗigon gumi ɗaya ya isa ya ɓata bangon falo.

Aikin farko da Malam Haruna ya sakar mini shaguna uku ne da sito a Roni. Na kwana uku a kansa, na kai masa ina jiran yabo. Ya duba ya ce, "Ina ruwa yake bi a filin nan?" Na ce ban sani ba. Ya naɗe takardar ya miƙo mini, ya ce in jira a yi ruwa in hau mota in je in gani. Da na je, sai ga ruwa yana gangarowa daga duwatsu, ya bi ta daidai inda na sa ƙofar siton. Daga ranar na san ba a zana fili sai an taka shi. Ya koya mini ƙasa, ya koya mini rana, ya koya mini cewa hadari daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon gabas shi ne mai shan duka. Abu ɗaya ne na gani ban ɗauka ba. Duk wanda ya kawo masa aiki, sai ya zaunar da shi su yi ta hira: ina tsohuwa, yara nawa ne yanzu, awakin nan a ina suke kwana, baƙi suna zuwa kuwa? Ni a lokacin na ɗauka surutun tsufa ne. Ya rasu ban tambaye shi ba.

Aikin Alhaji Bukar shi ne babban aiki na farko da ya zo mini bayan na buɗe nawa ofishin. Ɗan kasuwar hatsi ne a Babura, yana taɓa dabbobi kuma. Kakanninsa daga gabas suka zo, a cikin gidansu har lokacin ana Barbarci. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, ya girme ni da wajen shekara ashirin. Ya sayi babban fili a bakin hanyar shiga kasuwa, ya ce tsohon gidan ya yi musu kaɗan, yana son na zamani. Abin da ya faɗa ke nan, ni kuma ban ƙara tambayar komai ba. Na so in tambaye shi mutum nawa ne a gidan, amma na ji nauyi. Ina ni ina tambayar dattijo lissafin iyalinsa?

Na zuba duk abin da na iya. Daga get sai babban falo, kowane ɗaki da banɗakinsa a ciki, kicin a cikin gida da kantar siminti, ƙaramar tsakar gida. Zaure kuwa na ce ya zama tsohon yayi, falo ya wadatar. Na ji yana da mahaifiya a raye, sai na ware mata ɗaki can ƙurya, inda ba hayaniya. Akwai wata darbejiya a tsakiyar filin, na sa mata alamar a sare.

Na kai masa zanen a rumfarsa ta kasuwa, masu awo da dillalai suna zagaye da shi. Na shimfiɗa takardun a kan buhu, na yi bayani shafi bayan shafi. Duk inda na kai aya sai ya ce, "To, madalla." Tambaya ɗaya tak ya yi: "Ina gabas a nan?" Na nuna masa, ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a kowane shafi. Na koma Kazaure ina cewa ban taɓa ganin mai aiki mai sauƙin kai irin wannan ba.

Birkilan da ya riƙe ginin Malam Ɗanjuma ne, mutumin Kanya Babba, wanda ya fara da ginin ƙasa kafin ya koma bulo. Hannunsa yana da kyau, in ya ja layi ba sai ka sa ma'auni ba. Aiki ya tafi lafiya har muka kai linta, wato saman tagogi da ƙofofi. Wata safiya ina wurin sai ga motar Alhaji, ya fito ya buɗe wa wata tsohuwa ƙofa. Ita ce Iya Falmata, mahaifiyarsa. Gajera ce, da sanda, ƙamshin turarenta ya riga ta isowa. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Kai ne mai zanen? To, ɗan nan, shige gaba ka zagaya da ni."

Muka shiga. Ta tsaya a wani ɗaki ta buga sanda. "Nan ina ne?"

"Kicin ne, Iya."

"Tukunya nawa zai ɗauka?"

Na ce za a sa murhun gas mai kai huɗu a kan kanta. Ta dubi kantar, ta dube ni. "Ka taɓa ganin tukunyar da ake dafa wa mutum arba'in tuwo? Ranar kasuwa tukunya biyu muke ɗorawa. Hayaƙin itacen ta ina zai fita?"

Muka wuce. Ta leƙa wani banɗaki ta ga inda aka fitar da bututu, ta tambayi Malam Ɗanjuma ina mai zama zai fuskanta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gabas, Iya." Ta ce, "Uhm." Ta tambayi inda baƙin Bukar za su kwana, mutanen da suke tsallako iyaka da kayansu su yi kwana uku har huɗu kafin su sayar su canza sefa su koma. Na ce akwai falo. Ta ce, "In sun tashi kama ruwa fa, ta tsakar gida za su ratsa, ta gaban surukaina?"

Da muka kai ƙurya na ce, "Iya, nan naki ne. Ba mai damunki."

Ta leƙa ɗakin. Sannan ta juya ga ɗanta ta ce, "Bukar, me na yi maka za ka kai ni bayan gida ka ajiye?" Ta ƙara wata gajeriyar magana da Barbarci wadda ban ji ba. Da za ta shiga mota ta ce da ni, ba faɗa ba tsawa, "Gini ya yi kyau, ɗan nan. Allah ya ba masu shi lafiyar zama."

Alhaji ya matso ya ce, "Injiniya, a dakata tukuna."

Wannan tukunar ta kusa shekara. Ita ce muguwar shekarata a sana'ar nan. Ginin yana bakin hanya, duk motar da za ta shiga kasuwa sai ta wuce ta gabansa, kuma a kowace mota sai an sami mai ba da labari. Aka sa masa suna kangon Injiniya. Ciyawa ta fito a falo, awaki suka mai da kicin wurin sheƙe ayarsu. Wani da ya ba ni zanen gida a Gwiwa ya aiko a ce ya fasa. Masu ajujuwan islamiyya a Achilafiya suka ce za su neme ni, ba su neme ni ba. Daminar nan gona ce ta riƙe gidana. Alhaji Bukar bai taɓa zagina a gaban kowa ba, bai kai ni ƙara ba. In mun haɗu mu gaisa, ya tambayi iyali, ya wuce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai tambaya ce. Mutumin nan ya ga zanen da idonsa, ya sa hannu a kowane shafi. Ya san tukwanen gidansa, ya san baƙinsa, ya san uwarsa. To me ya sa ya ce madalla? Ina shara a gona ina juya ta, ina kan babur ina juya ta. Da na rasa amsa na tafi Kanya Babba wajen Malam Ɗanjuma. Na same shi yana yi wa katangar wani maƙwabcinsa yaɓe. Bayan mun gaisa na ce, "Malam, don Allah, yaushe ka san gidan nan ba zai zaunu ba?"

Ya ce, "Tun ranar da muka ja igiyar harsashi."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya goge hannu a jikin rigarsa. "Ka tambaye ni? Kai ka zo da takarda mai hatimi, ni na zo da cokalin gini. In na yi magana ka ce birkila yana koya maka aiki."

Na ce, "To shi Alhaji fa? Ai ya gani ya yarda."

Ya yi dariya har ya zauna a kan bokiti. "Injiniya, me ya gani? Kai in ka kalli takardar nan gida kake gani. Shi layuka ya gani, kamar an zana dara. Ka taɓa ganin wanda ya kalli gidansa daga sama, an cire rufin? Kuma a ina ka nuna masa? A tsakiyar kasuwa, gaban dillalai. Mutumin da zai ɗaga buhu da hannu ɗaya ya gaya maka tiya nawa ta rage, shi ne zai ce wa sa'an ƙaninsa bai gane ba, mutane suna ji? Shi ya ji kunyar ce maka bai gane ba, kai ka ji kunyar tambayarsa gidansa. Kunya biyu ce ta haɗu ta yi kango."

"Amma ya ce to."

"Ai 'to' 'na ji' take nufi. In kana neman 'na yarda', sai ka ƙara tafiya."

A hanyar komawa ne hirarrakin Malam Haruna suka dawo mini. Ashe awakin nan da yake tambaya a ina suke kwana, aiki yake yi.

Washegari na je Babura. Ban je rumfa ba, na jira Alhaji a ƙofar tsohon gidansa har ya dawo sallar azahar, muka keɓe. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya faru laifina ne. Na zana gida ban san masu shi ba. Ban zo neman a ci gaba da aiki ba, alfarma ɗaya nake nema. Ka bar ni in zauna a zauren nan kwana uku."

Ya dube ni da mamaki. "Me za ka gani a zaure?"

Na ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe. Shi ya sa nake so in zauna."

Ya yi murmushi, karo na farko tun ranar da aka dakatar da aiki. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma.

Kwana ukun nan, kullum in zo da hantsi in tashi bayan la'asar, sun fi mini wata shida na makaranta. Na ga amalanken shanu tana kawo gero, ta kasa shiga, a sauke a waje a riƙa ɗauka a ka. Na ga baƙi bakwai daga ƙetaren iyaka sun jibge kaya a zaure, nan suke ci, nan suke sallah, nan suke ciniki. Wani abu ya ɗaure mini kai: mata suna ta sallama suna shiga, wasu da goyo, wasu daga ƙauye, kowacce ta fito da ɗan ƙulli a hannu. Na ƙirga goma sha uku a wuni ɗaya. Tun da ba ni da ikon shiga ciki, na roƙi mai ɗakina Rabi ta biyo ni rana ta biyu, aka yi mata iso. Ita ta warware mini. Iya Falmata turaren wuta da humra take haɗawa, sana'arta ce tun tana amarya, matan nan masu saye ne da masu neman shawara. Ɗakinta yana dab da ƙofar shiga, daga kan tabarmarta tana ganin duk wanda ya shigo da wanda ya fita. Rabi ta kawo mini sauran: murhu uku a jere a waje ƙarƙashin rumfa, wurin daka, igiyoyin shanya, inda yara suke karatu da safe, da cewa matan gidan tun da suka ji za a sare darbejiyar sabon fili suke jimami, don sun riga sun raba inuwarta a baki.

Na koma kan allo na sake zane daga farko, amma na rantse ba zan sake shimfiɗa wa Alhaji takarda ba. Ina tunanin yadda zan yi sai na tuna abin da magina suke yi kullum. Kafin a haƙa harsashi, ana kafa turaku, a ja igiya, a bi layin da toka don masu haƙa su gani. Muna yinsa ne bayan an gama magana. Na ce me zai hana a yi shi kafin a fara maganar?

Rabin filin yana nan ba a taɓa ba. Ni da Malam Ɗanjuma muka share shi, muka tara toka buhu biyu daga gidan wata mai ƙosai da wani gidan burodi. Muka zana gidan gaba ɗaya a ƙasa, da girmansa na gaskiya, kowane bango da kaurinsa, kowace ƙofa muka bar gurbinta. Sannan na roƙi Alhaji ya kawo mutanen gidan duka da safe, ranar da ba kasuwa. Na kafa doka ɗaya: ba mai tsallake layi. Toka bango ce. Wanda zai shiga ɗaki ya bi ta ƙofa.

Da farko dariya aka yi ta yi. Amma kafin a jima sai ga manyan mutane suna zagaye layin toka suna neman ƙofa, har da masu yin sallama. Iya Falmata ta sa aka ɗauko babbar tukunyarta aka girka a inda na ce madafa ce, ta sa surukarta ta tsuguna kamar tana tuƙi, wata ta wuce ta bayanta da tire. Gwiwar hannu ta bugi tiren. Iya ta ce, "Ƙara taku biyu." Muka share da tsintsiya muka ƙara. Aka kora amalanke da shanu biyu ta gurbin get, ƙafarta ta taka toka ta hagu. Muka faɗaɗa. Iya ta shimfiɗa tabarma a ɗakinta, wanda yanzu na kawo kusa da shigifa, mashigar cikin gida, da 'yar ƙofarsa ta gefe don masu sayen turare, ta zauna ta ce wani ya shigo daga waje. Aka shigo. Ta ce, "Na gan shi tun daga kafaɗa. Ya yi."

Alhaji yana tsaye a gefe hannu a baya, yana kallo. Can ya taka zuwa ɗakunan baƙi, ya shiga ta ƙofa, ya tsaya ya fuskanci gabas, ya juya ya dubi inda na sa makewayi. Sai na ji ya ce, "A'a, Injiniya. Nan bai yi ba. In liman ya tsaya nan, sahu na biyu a bakin makewayi zai ƙare. Mai da shi can kudu."

Ban taɓa jin daɗin a'a irin na ranar ba. Daga nan bakinsa ya buɗe. Siton ya yi nisa da get. Tagar turakarsa tana kallon rana da yamma. Yana son dakali a waje. Sau uku muka share gidan nan muka sake shi kafin azahar, kuma duk abin da aka canza, a gabansu nake auna shi da tef in rubuta, in karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Ba duka kangon aka rushe ba. Babban falon nan da nake alfahari da shi ya zama siton hatsi, kuma ya yi kyau da hakan. Ɗakunan gaba suka zama na baƙi, da ƙofarsu ta waje. Abin da aka rushe muka tsince bulon muka sake amfani da shi. Darbejiya tana nan.

Kada ku ɗauka daga nan sai abin da mai gida ya ce. Ana cikin aikin Alhaji ya zo da shawarar a ɗora bene a kan siton, wani abokinsa ya ce masa asara ce a bar sama haka. Na ce ba zai yiwu ba, harsashin ba na bene ba ne. Ya ce abokin nasa ya ɗora a kan wanda bai kai wannan ba. Ban yi musu ba, na karɓi shebur na haƙa gefen bangon da hannuna har gindin harsashin ya bayyana. Na ce ya sa hannu ya taɓa. Ya tsuguna ya auna zurfin da kamu, ya damƙi ƙasar wurin, yashi ya zube ta tsakanin yatsunsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙasar Babura ke nan. Zai iya tsayawa shekara biyar, zai iya tsayawa goma. Amma mutane za su kwana a sama, wasu su yi awo a ƙasa. In za a ɗora, sai dai wani ya zana, ba ni ba."

Ya miƙe ya kakkaɓe hannu. Ya ce, "Ranar da laifinka ne ka zo da ƙafarka ka ce laifinka ne. Yau da ka ce a'a, na yarda. A bar benen."

Tun daga gidan nan ban sake zana wa kowa komai ba sai na zauna a inda yake zaune. Ina tambayar wa yake fara tashi a gidan, ina ake ajiye itace, wa yake zuwa ba tare da ya aiko ba. Abin da bai kamata in tambayi namiji ba, Rabi ta tambayi matan. Ba na nuna wa mutum zane a gaban jama'a. In na gama bayani ba na cewa ka gane? Cewa nake, "To kai zagaya da ni, daga ƙofa ina za mu?" In ya ɓace a hanya, bayanina ne bai yi ba. Birkila kuma ina tambayarsa ra'ayinsa tun kafin a ja igiya. Hotunan nan naku na kwamfuta suna taimakawa, ban raina su ba, amma ku lura: kyansu yana rufe wa mutum baki. Wata malamar makaranta a Gwiwa ta kalli hoton gidanta ta ce ya yi, ya yi. Da muka zuba toka ta shiga ɗakin, sai ta ce gadon mahaifiyarta na ƙarfe ba zai juya a nan ba. Hoton bai gaya mata haka ba, ƙafarta ce ta gaya mata.

Bayan shekara goma sha tara da tarewa, Iya ta daɗe da rasuwa, Alhaji Bukar ya aiko a kira ni. Na same shi ya rame, yana dogara sanda. Ya sallami kowa, ya ce mu zaga gidan mu biyu. Muna tafe a hankali yana taɓa bango. Da muka kai gindin darbejiya ya zauna ya ce, "Injiniya, maganar da zan yi ban yi ta da kowa ba. Likita ya gaya mini abin da ya gaya mini. In na tafi za a raba gidan nan yadda shari'a ta ce, ba ni da ta cewa a nan. Amma kai ka san ƙashinsa. Ina ne zai yanku bai rushe ba?"

Na nuna masa bangayen da suke ɗauke da rufi da waɗanda ba su ɗauke da komai. Ya saurara, ya yi tambayoyi, inda bai gane ba ya ce in maimaita. Sannan ya faɗi abin da yake ransa. Yana da 'ya, Hajja, mijinta ya rasu ta dawo gida da yara huɗu, tana zaune a ɓangaren arewa. Rabonta ba zai kai na 'yan'uwanta maza ba, kuma ɓangaren ba shi da hanyar fita sai ta tsakar gida. Ya ce, "Yayyenta mutanen kirki ne. Amma ba na so ta wayi gari tana neman izinin wucewa a gidan ubanta. In kuma na fasa ƙofa yanzu, kowa zai san abin da nake shiri, gida ya rikice da kuka tun ina raye."

Na ce akwai dabara. Za a iya fasa bangon arewa ta saman inda ƙofa za ta zauna, a zuba linta da rodi, a mayar da filasta a shafe. Ranar da ake bukata, bulon ƙasa kawai za a zare, ba abin da zai motsa. Muka sami wuri uku irin wannan a gidan. Malam Ɗanjuma ya tsufa a lokacin, amma shi na ɗauko, don bakinsa yana da nauyi. Aka ce wa mutanen gida tsaga ake gyarawa.

Alhaji ya ƙara shekara biyu. Bayan an yi rabo, ɓangaren arewa ya faɗa wa Hajja da ƙanwarta, sai magana ta taso a kan hanya. Wani ya ce a sayar da gidan duka a huta, wani ya ce fasa bango zai kawo rufin ƙasa. Babban ɗan ya zo ofishin nan ya ce mahaifinsu ya bar wasiyya da baki cewa in an zo maganar bango a kira ni.

Na je da Malam Ɗanjuma. Na auna daga kusurwa, na sa alama, ya ɗora kurfi ya fara sassaƙe filasta. 'Ya'yan duk suna tsaye. Da filastar ta zube sai ga linta kwance a cikin bango, lafiyayya, daidai faɗin ƙofa. Aka zare bulon ƙasa ɗaya bayan ɗaya, hasken titi ya shigo har tsakar ɗakin.

Hajja ta matso, ta miƙa hannu ta shafa simintin. Ta ce, "Baba Injiniya, yaushe aka sa wannan?"

Na ce, "Shekara biyu ke nan. Lokacin da aka yi gyara."

Ta sake shafa simintin. Sannan ta ce, "Ni na kawo muku ruwan sha ranar. Na yi ta duban bangon nan ina neman tsagar, ban gan ta ba."